Kafin ka kafa laimar POS

Yanzu banki ba sai ya gina reshe a unguwarku ba. Da ya miƙa maka na'urar POS, wadda ake cire kuɗi da kati, kai ne reshen, kai ne ma'aji, kai ne mai gadi, shi kuwa yana yankar kasonsa a kan duk kuɗin da aka cire. Da haka Moniepoint da OPay da PalmPay suka mamaye kasuwannin Kano, musamman tun wahalar takardun naira ta farkon 2023. Manyan bankuna ma suna cikin harkar.

Takardu ba su da wuya: BVN, NIN, da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da aka wajabta mana a 2024.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsabar kuɗi. Kada ka dogara da layin banki, wuni za ka ɓata. Ni da wani mai sayar da hatsi a kusa da ni muke hulɗa. Bayan la'asar in karɓi cinikinsa, mu ƙirga tare, in tura masa ta asusu nan take. Ya huta da kwana da kuɗi a shago, ni kuma na samu na gobe. Nemi irinsa, ko gidan mai. Ka kuma san iyakarka, don tun Disamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade wa mutum ɗaya cirar naira 100,000 a rana a wajen mai POS, wakili kuma, wato kai mai POS, miliyan 1.2 gaba ɗaya a rana. Wajen yanka ladanka, lissafa da harajin naira 50 da ke kan turin dubu 10 zuwa sama.

Sai batun alat. Za a nuna maka fuskar waya a ce, "Malam, ai ga shi ya tafi." Ko ɗan uwanka ne, kada ka saki ko sisi sai ka ga kuɗin a naka asusun. Idan na'ura ta ƙi amma an zare kuɗin daga asusun mai katin, ba shi rasit ya kai bankinsa, kai kuma ka rubuta a littafi da lokacin.

Ajiye layin waya biyu na kamfanoni daban, don sabis ba shi da alƙawari.

Tsofaffi kan miƙo kati su faɗi lambar sirri da ƙarfi a gaban jama'a. Ce, "Hajiya, danna da kanki," ka juya mata na'urar, ka kawar da kai.