Yadda Ake Wunin Buɗe Ido a Birnin Kano Ba Tare da An Taɓa Aljihu Sosai Ba

Baƙon da ya shigo Kano da niyyar kashe ƙwarƙwatar ido yakan yi ɗaya daga cikin kurakurai biyu: ko dai ya faɗa kasuwa tun da safe ya ƙarar da guzurinsa kafin azahar, ko kuma ya wuni yana kai da kawo a adaidaita sahu tsakanin wuraren da ke nesa da juna, rana ta faɗi bai ga abin kirki ba. Maganin duka biyun shi ne a tsara tafiyar ta bi hanya ɗaya, daga yammacin tsohon birni zuwa gabas, a kuma ɗora ta a kan zafin rana da lokutan salla.

Matakin farko shi ne zaɓen rana. Juma'a ba ta dace ba, domin tun kafin azahar ake toshe tituna da dama saboda masallata, kuma 'yan kasuwa kan rufe rumfuna su tafi masallaci. Asabar ɗin ƙarshen wata ma a kiyaye ta, domin a ranar ake tsaftar muhalli, ana hana zirga-zirga har zuwa ƙarfe 10 na safe. Tsakiyar mako ta fi, musamman a lokacin hunturu, ko da yake hazo yakan rage nisan abin da ido zai hango. Ka sa takalmin da ba zai ci maka ƙafa ba, ka riƙi ƙananan kuɗi na mota da na tukuici, sannan ka ware abin da ka yarda ka kashe a aljihu guda, ragowar kuma ka bar shi a masauki. Wayarka ta zauna a aljihun ciki, kada ka riƙa daddanna ta a bakin titi ko a cikin adaidaita.

Ka fara da Dutsen Dala da misalin ƙarfe 7, kafin rana ta yi ƙarfi. An yi masa matakala, hawansa ba ya wuce 'yan mintoci ga mai lafiya, amma a bi a hankali domin wasu matakan sun zaizaye. A nan ne tarihi ya ce Barbushe, jagoran mutanen Dala na da, yake hawa ya gana da Tsumburbura, abin bautarsu, tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, kuma daga nan ne Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ƙare wa birnin kallo a 1851. Amfanin farawa da Dala shi ne za ka ga taswirar wuninka shimfiɗe a gabanka: ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da ƙubbarsa, ga rufin rumfunan Kurmi a cunkushe. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ruɗe ba idan ya shiga lunguna.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi, kuma a nan ya kamata a kashe mafi yawan safiyar. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa ta, ta zama mahaɗar fatake daga Agadas da Borno da Gwanja da ƙasashen Larabawa. Har yau an raba ta ne bisa sana'a, saboda haka kada ka shiga kana cewa za ka ga komai. Ka nemi layin dukawa, inda ake ɗinka jaka da filo da takalma na jar fata, ka wuce wajen masu kayan doki ka ga sirdi da linzami da likkafa da jalala, waɗanda cinikinsu ke tashi idan hawan salla ya gabato. Akwai masu littattafan addini da allo da tawada, akwai 'yan koli, akwai masu kanwa da kayan yaji da saiwoyi, waɗanda hanci ke sanar da kai ka iso wajensu kafin ido ya gani. Lungunan suna da ƙunci ƙwarai, idan ka ji an ce "gafara" daga bayanka, to ɗan dako ne ko mai kura, ka raɓe kawai ba sai ka waiga ba.

A nan ne kuma ya kamata a fahimci abin da ke raba mai kallo da mai saye, domin shi ne ginshiƙin wunin gaba ɗaya. Tambayar kuɗin kaya ba laifi ba ne, amma tayi alkawari ne. Idan ka ce "nawa ne wannan?" aka faɗa maka, kana da damar ka yi godiya ka wuce. Idan kuwa ka buɗe baki ka ce "a bar mini a kaza," to ka taya, kuma muddin mai kaya ya ce ya sallama, mutunci ya wajabta maka ka biya. Mutane da yawa sukan taya da wasa, suna zaton za a ce musu "albarka," sai kawai su ji an ce "kawo kuɗin," su koma gida da abin da ba su yi niyya ba. Saboda haka ka yi sallama, ka gaisa da mai rumfa, ka ce masa, "Alhaji, yau kallo na zo yi, ba saye ba." A iya sanina, wannan gaskiyar ta fi jawo wa mutum karamci fiye da yin kamar zai saya, domin dattijon da ya san ba ciniki za a yi ba yakan saki jiki ya ba ka labarin inda ake jeme fatar da yadda ake rina ta. Kada ka sa a warware maka kaya da yawa alhali ka san ba za ka ɗauka ba, kuma idan mai saye na gaskiya ya iso, ka matsa ka ba shi wuri. Hoto kuwa sai da izini, ko na mutum ko na hajarsa.

Kafin azahar ka fito ka nufi Gidan Makama, wanda yake kusa da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki. Rumfa ne ya zauna a cikinsa tun yana Makama, yanzu kuma gidan tarihi ne da ake shiga da kuɗi kaɗan. Za ka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ka ɗaga kai ka dubi ɗaurin gugan da aka yi wa rufin soraye, wato bakunan gini da suka sarƙe suna riƙe rufin, ka kuma lura da sanyin da ginin ƙasa yake riƙewa a tsakiyar rana. Gidan Sarki kuwa a tsaya a kalle shi daga waje, sai fa idan dogarai sun ba da izinin shiga. Ka yi azahar a babban masallaci, sannan ka nemi abin taɓawa. Gurasa bandashe, wadda aka yayyafa wa ruwa aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa, ta isa ta riƙe ka ba tare da ta saukar maka da kasala ba.

Titin da ya tashi daga masallacin ya bi ta gaban Asibitin Murtala shi zai kai ka Karofin Ƙofar Mata, wanda aka kafa a 1498. Rijiyoyin rini ne da aka haƙa a ƙasa, ana haɗa baba da toka da kanwa a cikinsu a bar su su jiƙa na tsawon kwanaki. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda marini yake tsoma zane ya ɗago shi, ya bar iska ta buge shi, launin ya juye daga kore-kore zuwa shuɗi a gaban idonka, ya sake tsomawa har sai ya yi duhun da ake so. Da yawa daga cikin rijiyoyin sun daina aiki, 'yan kaɗan ne suka rage, don haka tukuicin da za ka ba wanda ya zagaya da kai ba asara ba ne. Ka bi ƙarar dukan da kake ji ka leƙa wajen masu bugu, inda ake jibgar shadda a kan gungume har ta yi sheƙi.

Bayan la'asar sai Kantin Kwari, wadda ba ta da nisa daga nan, a ɓangaren Fagge. Kasuwar atamfa da shadda da leshi da yadi ce, kuma masu sari suna zuwa mata daga Nijar da Chadi da Kamaru. A nan za ka haɗu da 'yan kayi-na-yi, matasan da ke tare baƙo su tambaye shi abin da yake nema, su kai shi shago su ɗora ribarsu a kan farashi. Ba sai an yi musu tsawa ba, ka ce ka gode, zagayawa kawai kake yi. Idan akwai abin da ka ƙudurta saye daga kuɗin da ka ware, ka tambayi farashinsa a shago uku kafin ka taya a na huɗu.

Idan da sauran ƙarfi, ka hau adaidaita zuwa Ado Bayero Mall da ke titin gidan zu, amma ku daidaita kuɗin mota kafin ka shiga, ka kuma fayyace ko shata ka ɗauka ko za a haɗa ka da wasu fasinjoji. A can farashi a rubuce yake a jikin kaya, babu tayi babu albarka, ga sanyin na'ura ga wurin zama, sai ka kwatanta kuɗin rigar da ka gani a bayan gilashi da na yadin da ka taɓa a Kwari. Ka yi ƙoƙari ka kama hanyar masauki kafin magariba, domin a lokacin ne 'yan kasuwa ke tashi gaba ɗaya, titunan da suka fito daga Kwari da Sabon Gari su cushe, kuɗin adaidaita ma ya ƙaru.