Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin turjiya da ƙarfin wutar lantarki

Ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a shekarar 1827 ba ta da wuyar haddacewa: idan aka raba matsin wuta, wanda ake aunawa da bolt, da yawan wutar da ke gudana a waya, wadda ake aunawa da amfiya, za a sami turjiya, wato yadda waya ko na'ura ke tare wa wuta hanya, a ma'aunin om. Idan kuma aka ninka bolt da amfiya, za a sami ƙarfin da na'ura ke ci a ma'aunin wat. Ɗalibai da yaran masu haɗa sola a Gusau ko Ƙauran Namoda sun san wannan sarai, amma sukan ɗauki bolt na wani wuri su haɗa shi da amfiya na wani wurin daban.

Kuskuren da ya fi jawo asara yana faruwa ne tsakanin inbata da batir. Dutsen guga mai cin wat 1000 yana jan kimanin amfiya 4.3 a wutar gida mai bolt 230, kuma wayar da aka saba ja a ɗaki tana ɗaukar wannan ba tare da ta yi ɗumi ba. Sai yaro ya riƙe wannan adadi a kansa, ya yanko irin wannan wayar ya haɗa batir da inbata. To amma batirin bolt 12 ne, kuma idan aka raba 1000 da 12 za a ga cewa wutar da ke fitowa daga cikinsa ta haura amfiya 83, tun kafin a ƙara abin da inbatar kanta ke ci. Zafin da waya ke yi kuwa ana lissafa shi ne ta hanyar ninka amfiya da kanta, sannan a ninka da turjiyar wayar. Wayar da turjiyarta ba ta wuce om 0.02 ba, za ta ɓarnatar da ƙasa da rabin wat a ɓangaren ɗaki, amma a ɓangaren batir za ta ƙona kusan wat 138. Na taɓa ganin sakamakon haka a wani shagon cajin waya: robar wayar ta narke ta manne da kan batir, ɗakin yana ƙauri, mai shagon kuwa yana ta tsine wa wanda ya sayar masa da inbatar, alhali ita ba ruwanta. Gyaran shi ne a lissafa amfiyar kowane ɓangare da bolt ɗinsa, a sa waya mai kauri kuma gajera a wajen batir tare da fis, idan kaya sun yi yawa kuma a koma tsarin bolt 24, wanda ke rage amfiyar zuwa rabi.

Irin wannan ruɗani ne ke kama ɗalibi wajen zaɓar rezista, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke gudana, ga ƙaramin ƙwan LED ja a kan batir mai bolt 9. Ƙwan da kansa yana riƙe kimanin bolt 2, saboda haka bolt 7 ne ke kan rezistar. Nan kuma wani tuntuɓen ke jira, domin miliamfiya 20 da ƙwan ke buƙata daidai yake da amfiya 0.02, kuma wanda ya raba 7 da 20 kai tsaye zai sami om 0.35 maimakon 350, ƙwan ya ƙone nan take.

Akwai kuma masu zaton cewa idan wuta ta zo ba ƙarfi, aikin na'ura yana raguwa daidai gwargwadon raguwar bolt. Turjiyar dutsen gugar nan kusan om 53 ce, kuma idan wuta ta sauka daga 230 zuwa 180, sai a ninka 180 da kansa a raba da 53, a sami kimanin wat 610. Bolt ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, zafi kuwa ya ragu da kusan kashi 39, shi ya sa mai guga ke ta danna babbar riga tana ƙin kwanciya.

Ita ma mitar hannu ta auna bolt da amfiya da turjiya tana ruɗar wanda bai san halinta ba. Ba a auna turjiya alhali wuta na kunne, kuma ana auna amfiya ne ta hanyar katse layi a sa mitar a tsakani, domin wanda ya soka tsinkenta biyu a soket tana kan ma'aunin amfiya zai ƙona fis ɗinta, idan ma abin ya tsaya nan. Ƙwan fitila irin na da mai wat 60 yana da turjiyar kusan om 880 idan yana ci, amma a sanyaye mita za ta nuna abin da bai kai om 100 ba, saboda turjiyar zaren da ke cikinsa tana hawa ne da zafi. Shi ya sa turjiyar irin wannan ƙwan ake ciro ta daga bolt da wat ɗin da aka rubuta a jikinsa.