Yadda ake zaɓen mai buga katin biki ba tare da an yi bugu biyu ba

Yawancin angwaye da abokansu da ido suke zaɓen mai buga kati. Su shiga shago, a zube musu samfura masu ƙyalli a kan tebur, su nuna wanda ya burge su, su biya, su kama gabansu. Samfurin nan kuwa shi ne aiki mafi kyau da ya taɓa fita daga shagon, wani lokacin ma ba a nan aka yi shi ba. Katunan da nake ganin ana zubarwa ba muni ne ya kashe su ba, kuskuren rubutu ne: an ɓata sunan uban amarya, ko an rubuta Asabar alhali kwanan watan na Lahadi ne. Don haka mutumin da kake nema shi ne wanda zai yarda ka tsare shi da dubawa kafin inji ya tashi.

Fara da gida. Kada ka taka shagon kowa sai an tsayar da rana, an san masallaci ko ƙofar gidan da za a ɗaura, an san lokaci. Ka rubuta komai a takarda da hannunka, ka kai wa dattijo ɗaya daga kowane ɓangare. Ka ce, "Baffa, ga yadda za a sa sunan iyalin, a duba mana." A nan za a gaya maka cewa sunan kaka ake sawa ba na uba ba, ko an manta "marigayi", ko an tsallake sarautar da mutum yake ji da ita. Wannan ba aikin mai buga kati ba ne, kuma ba zai gyara maka ba. Ka kuma raba katunan tun yanzu: na ɗaurin aure daban, na mata mai ɗauke da kamu da yini da walima daban, sai ɗan ƙaramin katin shiga dina idan za a yi. Masu cusa komai a kati ɗaya don rage kuɗi su ne suke kukan zauren taro ya cika da waɗanda ba a shirya musu abinci ba.

Mataki na biyu, ka san da wa kake magana. Tambaya ɗaya ta isa: "Malam, a ina za a buga?" Akwai mai zane da kwamfutarsa kaɗai, wanda zai tsara ya kai wa masu inji. Akwai mai injin dijital, wanda suke kira DI. Akwai kuma mai babban injin ofset. Babu laifi a ba mai zane aiki, sau da yawa ma ya fi mai inji iya tsari, amma ka san akwai ladansa a cikin kuɗin, kuma in aiki ya lalace mutum biyu za su riƙa tura wa juna laifi. Kati ɗari ko ɗari biyu na DI ne. In kana maganar dubu, ofset ya fi sauƙi, domin kuɗin filet, wato farantin da ake ɗora zanen a kai, sau ɗaya ake biya, guda huɗu idan katin mai cikakken launi ne, kuma iya yawan bugu iya saukar kuɗin kowane kati. Katin da aka huda da leza, ko na roba mai kama da gilashi, ko mai rubutun zinare a tashe, galibi ko dai an shigo da gangar katin daga waje, ko a aika aikin manyan wuraren bugu kamar Shomolu a Legas. In mai shago ya ce gobe za ka karɓi irin wannan, sake tambayarsa.

Batun takarda ba ya buƙatar dogon zance. Nauyinta kada ya gaza giram 250, 300 ya fi. Ka taɓa ta da hannu, kada a faɗa maka a waya. Girma kuma ka tsaya a A5 ko A6, saboda takardar A3 guda tana fitar da A5 huɗu ko A6 takwas ba tare da asara mai yawa ba, kuma ambulan ɗinsu yana nan a kasuwa. Girman da ka ƙirƙira da kanka, kai za ka biya kuɗin abin da aka yanke aka zubar. Leda mai sheƙi da ake manna wa kati kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan: biro ba ya kama ta, sai a zo rubuta sunan wanda ake gayyata tawada ta riƙa gogewa a hannu. Salon rubutu biyu ya ishi kowane kati. Hoton ango da amarya a bar wa kalanda da memo.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato gwaji. Mai zane zai turo maka hoton katin ta WhatsApp ya ce, "Oga, in buga?" Kai kuma kana kan babur ko kana tsakiyar cinikin lefe, ka kalli launi ka ce ya yi. Kada ka amsa a ranar. Ka ce a buga maka guda ɗaya tak, a kan ainihin takardar, da ainihin injin, ko da za ka biya kuɗinsa daban. A ofset ba a yin filet don kati ɗaya, to a fitar maka da shi a DI, sannan ka tsaya a gaban inji a ga fitowar farko. Wanda ya ƙi wannan, ko ya ce ai ba ya kuskure, ka karɓi takardarka ka nemi wani.

Dalili na farko launi ne. Fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa tawada huɗu ake haɗa mata. Shuɗi mai haske yakan fito da duhu ko ya karkata zuwa shunayya, abin da ka gani zinare a waya kuma ya fito ruwan ƙasa, domin injin bugu ba shi da tawadar zinare sai an yi masa aikin zinaren daban. Amaren da suka haɗa launin kati da na anko su fi kowa kula da wannan.

Sannan haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun nan masu ado da ake so a katin biki ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Sai kwamfuta ta sa ɗan akwati a gurbinsu, ko ta aro harafin daga wani salo ya fito a karkace, ko mai zanen ya cire lanƙwasar ya yi shiru. Duba "ɗaurin aure", duba "ƙarfe", duba "Ƙofar", duba sunaye irin su Ɗanjuma da Bilƙisu in haka masu su suke rubutawa. Ka kuma ce ya mayar da rubutun zane a CorelDraw, manhajar da ake tsara kati da ita, kafin ya kai wa mai inji, in ba haka ba kwamfutar can tana iya sauya salon gaba ɗaya.

Larabci ya fi wannan haɗari. In manhajar ba a saita ta don Larabci ba, haruffa sukan rarrabu su juya daga hagu zuwa dama, kuma mai zanen da bai yi allo ba ba zai gane ba. A ba wanda ya iya karatu ya duba. Ni dai a nawa ra'ayin a bar ayoyi daga kati, har da aya ta 21 ta Suratur Rum da aka saba sawa. Malamai da dama sun yi magana a kai, kuma kowa ya san inda kati yake ƙarewa bayan biki.

Kwanan wata: buɗe kalanda ka tabbatar ranar mako ta dace da lambar. Na Hijira kuma yana da nasa tarkon. Wata yana yin kwana 29 ko 30, kuma sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganinsa ake sanin ɗaya ga wata. In ka buga kati kafin watan bikin ya kama, lambar da ka sa hasashe ce, tana iya gocewa da kwana guda. Ka sa sunan watan da shekara kawai, ranar mako da kwanan Miladiyya su ɗauki nauyin. Lambobin wayar da ke ƙasan kati kuma, kira kowacce daga jikin katin, ba daga ajiyar wayarka ba. Bayan duk wannan ka ba wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da ƙarfi, domin idonka ya riga ya haddace, abin da ya kamata ya gani yake gani. In ya yi, sa hannu a bayan gwajin, ka ɗauki hotonsa.

Kuɗi, rabi za ka bayar, sauran sai kaya sun zo hannu. A rubuta a rasit: adadi, nauyin takarda, ambulan yana ciki ko babu, ranar karɓa, da cewa duk abin da ya saɓa wa gwajin da ka sa wa hannu shi zai sake. Farashin da aka faɗa maka wata biyu baya kada ka riƙe shi, takarda daga waje take zuwa, dala take bi. Ka tambaya ko yana da janareta. Gab da azumi, bayan Sallah, watan Disamba da lokacin fastocin siyasa layi yana tsawo, ka ba shi ranar da ta riga ta gaskiya da mako guda.

Ranar karɓa ka ƙirga a gabansa, ka zaro daga tsakiyar ɗauri ba daga sama ba, ka duba yanka da launi. Kafin ka biya cikon, ya tura maka hoton katin mai kyau na turawa a WhatsApp, da ainihin fayil ɗin zanen, ko da za a buƙaci ƙari.