Darasi na Tara: Daga Dutsen Kufena Zuwa Kunyar Gona

Duk mazaunin Zariya ya san launin ruwan farkon damina. Da an sheƙa ruwa mai ƙarfi a watan Mayu ko Yuni, sai ka ga kwata da lungu sun cika da jan ruwa suna gudu zuwa rafi. Ruwan da ya sauko daga sama fari ne tas. To, a ina ya samo ja? Ƙasa ya ɗebo, daga gonar wani, daga gindin katangar wani, daga hanyar da muke bi zuwa kasuwa. Iyayena da yayyena, a wannan darasi za mu bi sawun wannan ƙasa: inda ta fito da inda za ta.

Yadda dutse ke samuwa

Masana sun kasa duwatsun duniya gida uku. Kashi na farko shi ne dutsen da ya taɓa zama narkakke, kamar dalma a tukunyar maƙeri, daga baya ya huce ya daskare. Idan ya ɓullo waje yana tafasa, shi ne aman wuta. Idan kuwa ya huce a hankali can cikin ƙasa, sai ya zama dutse mai tauri da ake kira giranit. Dutsen Kufena da ke yamma da birni irin wannan ne, haka ma Madarkaci da Tukur-Tukur. Masana sun ƙiyasta shekarun irin waɗannan duwatsu na ƙasar Hausa da kimanin miliyan 600.

Kashi na biyu shi ne wanda ya samu daga yashi da laka da ɓawon halittun ruwa da suka kwanta bisa juna, nauyi ya danne su har suka haɗe. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe daga nan yake, kuma a cikinsa akan tarar da burbushin halittun teku, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a wuraren. Na uku shi ne dutsen da zafi da matsi suka sauya masa kama ba tare da ya narke ba. Akwai shi da yawa a ƙarƙashin ƙasar Zazzau, za ka gane shi da zane-zane a jikinsa, fari da baƙi, kamar saƙi.

Ga wani abu da ya ba ni mamaki ranar da na fara jin sa. Kufena bai tsiro daga ƙasa kamar shuka ba. A binne yake tun asali. Abin da ke kansa da kewayensa ne ya ruɓe, ruwa ya yi ta kwashewa shekara da shekaru, shi kuma da ya fi tauri ya saura a tsaye. Duk sanda ka hango shi daga hanyar Wusasa, ka tuna cewa fuskar ƙasa ta taɓa wuce ƙoƙuwarsa tsawo. Cikin ikon Allah, ruwa da iska da rana ne suka yi wannan gagarumin aiki, ba gatari ba diga.

Dutse ma yana ruɓewa

Mukan ce abu ya yi tauri kamar dutse, amma dutse na da abokan gaba, kuma ba sa gajiya.

Ku dubi masu fasa dutse da hannu. Sukan tara itace ko tsofaffin tayoyi a kan fa, su cinna wuta, idan ya gasu ya huce sai samansa ya tsage, su sa guduma. Abin da suke yi a kwana ɗaya, rana tana yin irinsa a hankali. Da tsakar ranar bazara ba ka iya taka fa da ƙafa ba takalmi, da asubar hunturu kuwa sanyinsa har cikin ƙashi. Zafi na sa fatar dutse ta buɗe, sanyi na sa ta tsuke. Ga kuma nauyin da aka sauke masa bayan ƙasar da ta danne shi ta tafi. Shi ya sa jikin Kufena ke ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, kuma shi ya sa kansa ya yi sumul kamar an kife ƙwarya.

Tsiro ma na da nasa rabon. Tsuntsu ya yar da ƙwayar ɓaure ko ceɗiya a cikin tsaga, saiwa ta shiga tana kauri, har ta raba dutse biyu, kamar dai yadda take yi wa tsohuwar katanga.

Amma babban mai aikin shi ne ruwa, kuma yawancin aikinsa a ɓoye yake yin sa, a ƙarƙashin ƙasa. Ɗauki ɓarin giranit ka duba da kyau a rana. Za ka ga ƙwayoyi iri-iri: wasu kamar gilashi, wasu fari ko ja-ja kamar haƙori, wasu baƙaƙe masu walƙiya. Idan ruwa ya daɗe yana ratsa dutsen, masu kama da haƙori sai su ruɓe su zama yumɓu, wanda mata ke gina tukwane da shi. Baƙaƙen nan akwai ƙarfe a cikinsu, sai su yi tsatsa kamar tsohuwar fartanya da aka manta a gona. Wannan tsatsa ita ce jan da ke cikin jar ƙasa, ita ce launin ganuwar Zariya da tsofaffin sorayenta. Inda ƙarfen ya taru ya ƙeƙashe, shi ne marmara da ake zubawa a hanya. Masu kama da gilashi kuwa ba sa ruɓewa da sauƙi, su ne yashin da tifa ke ɗebowa daga rafi. Masu haƙar rijiya sun san wannan jeri tun kafin a rubuta shi a littafi: baƙar ƙasa a sama, sai ja, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai farfashewa a hannu, sai fa wanda diga ba ta ci.

Ba duk ƙasar gonakinmu ce 'yar gida ba. Ƙurar hunturu da ke ɓata wa mata shanya, mai yawa daga cikinta daga Bodele take tasowa, wani busasshen gurbin tafki a arewacin Chadi. Ta daɗe tana sauka a nan, kuma tana cikin abin da ya sa ƙasar Samaru ta yi laushi kamar gari. Laushin nan yana da illa: da ruwa ya buge ta sai samanta ya yi ɓawo, ruwa ya kasa shiga, ya bi gangare.

Zaizayar ƙasa

Ruɓewa tana farfasa dutse a inda yake. Zaizaya kuwa ita ce ɗaukar abin da aka farfasa zuwa wani wuri.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ruwan da ke sauka a Zariya a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan a damina guda, gona mai hekta ɗaya tana karɓar lita miliyan 10, wato jarka mai lita 25 har guda 400,000. Kowane ɗigo da ya faɗo kan ƙasa tsirara yana tarwatsa ta, ruwan da ke gudu kuma ya kwashe. Idan aka share kaurin milimita ɗaya kawai daga saman wannan hekta, abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba, an yi asarar fiye da tan 10 na ƙasa, nauyin buhun siminti sama da 200. Ido ba ya ganin tafiyarta. Sai bayan shekaru manomi ya ce gonar ta gaji, ta fara fitar da tsakuwa. Tsakuwar tana nan tun da, ƙasar da ta rufe ta ce ta tafi. Abin da ya fi ciwo, wadda ke tafiyar ita ce ta sama, mai taki, har da takin zamani da aka saya da tsada. Kafin dutse ya sake haifar ƙasa mai kaurin ɗan yatsa, sai an yi ɗaruruwan shekaru.

Inda ruwa ya sami hanya ɗaya yana bi, kamar turbar shanu ko bakin kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, sai ya fara yanka. Bana ɗan rami ne da yaro zai tsallake, baɗi ya kai gwiwa, kafin a ankara ya zama kwazazzabo yana cin gona ta baya, yana matsowa gindin gidaje. Yawan ɗibar yashi a bakin rafi yana ƙara masa gudu, don gaɓar da aka rarake ƙarƙashinta ba ta da abin yi sai ruftawa.

Ƙasar ba ɓacewa take yi ba. Rafin Kubanni ya kai wa kogin Galma, Galma ya kai wa kogin Kaduna, Kaduna ya zuba a Kwara har teku. A hanya, inda ruwa ya lafa, sai ya sauke kayansa. Haka fadamun Galma suka sami baƙar ƙasar da ake noman rake da tumatir da albasa. Haka kuma laka ke taruwa a madatsar ruwa ta Kubanni tana rage mata ciki.

Abin da hannunmu zai iya

Ba mai hana ruwa sauka, amma ana iya rage masa gudu, kuma ruwan da ba ya gudu ba ya ɗaukar kaya. A ja kunya a gicciye da gangare, kada a miƙe ta daga tudu zuwa kwari. Na san a bi gangare ya fi sauƙi ga mai huɗa da shanu, amma duk kwarin kunya da ya kalli rafi magudana ce ka haƙa wa gonarka. A Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, an daɗe da gwada ɗaure kunya, wato a riƙa datse kwarin da ɗan tudun ƙasa bayan 'yan takawa, ruwa ya tsaya ya nutse. A ƙasa mai riƙe ruwa, sai a buɗe datsin idan damina ta yi nauyi a watan Agusta, kada shuka ta sha ruwa fiye da kima.

Kada a ƙone gona ƙurmus lokacin sharar rani. A bar kara da ganye a kwance, su tare bugun ruwan farko. A dasa jema ko gamba a layi a kan iyaka da inda ruwa ke fita, saiwarsu tana riƙe ƙasa kamar raga. Ƙaramin rami kuwa a tare shi tun yana ƙarami, da jerin duwatsu ko buhunan ƙasa, a faro daga samansa inda ruwan ke shigowa. A gida, a zuba tsakuwa ko a kafa fa a inda indararo ke zuba, kada ya cinye gindin katanga.

Aikin gida

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, a sami kwalba biyu masu haske. A cika ɗaya da ruwan da ke fita daga fili tsirara ko gonar da aka share, ɗayar kuma daga wurin da ciyawa ta rufe. A ajiye su su kwana ba a taɓa ba. Da safe za a ga yashi a can ƙasa, laka mai laushi a bisansa, ruwan sama-sama kuma wataƙila bai gama washewa ba, don yumɓu yana daɗewa bai kwanta ba. A auna kaurin abin da ya kwanta a kowace kwalba da tsinke, a zo da su aji.

Kowa kuma ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinsa, yana lura da haruffa masu lanƙwasa: ƙasa, yumɓu, ruɓewa, ɗigo, ƙura. Sannan ya rubuta jimla biyu a kan wani wuri a unguwarsu ko ƙauyensu da ruwa ke ci, ya faɗi ta inda ruwan ke shigowa.