Kurakuran Da Ke Ɓata Amfilifaya Tun Daga Bakin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa haɗa amfilifaya da hannunsa ya san wannan lokacin: ka gama liƙa komai da dalma, ka jona lasifika, ka kunna, maimakon sauti mai daɗi sai ƙugi ko shuuu ya cika ɗaki. Nan da nan hankali yake komawa kan manyan taransistocin ƙarshe ko taransifoma, domin su ne manya, su ne ke ɗaukar zafi. Amma sau da yawa ɓarnar ta faru ne tun a mashigar sigina, inda sauti yake ɗan ƙanƙani. Abin da ya shiga ta nan, mai kyau da marar kyau, duk tare za a ninka shi. Idan ninkin amfilifayarka sau 23 ne, kamar yadda resista mai kilo-om 22 da mai kilo-om 1 suke bayarwa a layin mayarwa, wato layin da ke dawo da ɗan sigina daga mafita zuwa mashiga, to datti ma sau 23 zai fito.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne zaɓen mashiga saboda sunanta ba tare da duba abin da za a jona mata ba. Mutum ya ji ana yabon NE5532, sai ya sa shi ko'ina. Lallai IC ne mai kyau, wato ƙaramin guntu mai taransistoci da yawa a ciki, hayaniyarsa kusan nanobolt 5 ce, ta wani IC ɗin mai suna TL072 kuwa wajen 18. Sai dai wannan fifikon yana aiki ne idan tushen sautin mai sauƙin turjiya ne, kamar kwamfuta ko wayar hannu ko miksa. NE5532 taransistoci irin na gama-gari ne a bakinsa, suna jan ɗan lantarki, wajen nano-amfiya 200, ta ƙafar shigarwa. Ka jona masa jita, wadda na'urar ɗaukar sautinta take son turjiyar da ta kai mega-om 1, sai hayaniya ta ƙaru. Idan kuma ka rage resistar shigarwa don ka gyara, sai siririn sauti ya dushe. A nan TL072, wanda wani nau'in taransista mai suna JFET ne a bakinsa, ya fi dacewa, domin kusan ba ya jan komai. Saboda haka ka fara da tambayar me zan jona, amsar ita za ta zaɓa maka.

Wannan ɗan lantarkin da ake ja yana da wata illa da ake yawan mantawa. Nano-amfiya 200 da ta ratsa kilo-om 47 tana haifar da kusan milibolt 9. Kaɗan ne a ido, amma idan babu kafasita a ƙafar layin mayarwa da ke zuwa ƙasa, wato layin bolt sifili, za a ninka shi ya wuce milibolt 200 a bakin lasifika. Shi ne kake jin "ɗum" duk lokacin da ka kunna, kuma takardar lasifika ta ɗan turo gaba ta tsaya. Gyaran bai da wuya: ka daidaita resistar shigarwa da babbar resistar mayarwa su zama ƙima ɗaya, ka sa kafasita a jere da ƙaramar resistar, sannan ka auna da mita kafin ka jona lasifika. Ƙasa da milibolt 50 ba abin damuwa ba ne. Kuma kada ka bari wannan lantarkin ya bi ta cikin maɓallin ƙara murya, shi ne ke sa ƙarar kwarzane idan ana murɗawa. Kafasita tsakaninsu tana kashe matsalar.

Ga masu haɗa komai da taransistoci ɗai-ɗai, zaɓin ya fi faɗi, kuma nan ne na fi son a tsaya a yi tunani. Akwai mashiga mai taransista guda, irin wadda John Linsley Hood ya yi amfani da ita a amfilifayarsa mai wat 10 da aka buga a mujallar Wireless World a 1969. Tana da sauƙin haɗawa, ba ta da yawan rigima, har yau mutane suna gina ta suna jin daɗinta. Rauninta shi ne matsayin lantarki a mafita yana sauyawa da zafi, kuma a tsarin asali mafitar tana zaune ne a wajen rabin bolt ɗin wutar da ake ba ta, shi ya sa aka sa babbar kafasita kafin lasifika. Wanda ya cire wannan kafasitar don wai sauti ya fi tsabta, ba tare da ya sake tsarin ba, lasifikarsa yake jefawa cikin haɗari.

Sai kuma tagwayen taransista masu wutsiya ɗaya, tsarin da asalinsa ya koma ga aikin Alan Blumlein a 1936, tun zamanin bawul, wato ƙwayayen gilashin da ake amfani da su kafin zuwan taransista. Ɗaya tana karɓar sigina, ɗayar tana karɓar abin da aka mayar daga mafita, su biyun suna auna bambanci. Ni dai shi nake zaɓa idan za a jona lasifika kai tsaye. Amma kyansa duka yana rataye ne a kan tagwayen su raba lantarki daidai wa daida. Masu koyo sukan sa resista a saman ɗaya kawai, da ƙimar da suka kwafo daga wani zane mai bolt daban, sai ɗaya ta ja fiye da 'yar'uwarta, murɗewar sauti ta ƙaru ba tare da an san dalili ba. Maganinsa madubin lantarki, wato ƙarin taransista biyu a sama da ke tilasta rabo daidai. A wutsiya ma resista zalla tana barin tsattsagin wutar taransifoma ya kutso. Ka maye gurbinta da taransista mai riƙe lantarki a tsaye. Ka ƙara resista kamar om 100 a ƙafar emita ta kowace, ka kuma manna jikin tagwayen da juna domin zafinsu ya zama ɗaya, tunda kowane digiri ɗaya yana sauya su da kusan milibolt 2. Ɗan ƙaramin aiki ne, amma mita za ta nuna maka bambanci.

Kafasitar shigarwa ita ma tana cin mutane. Kafasita mai nanofarad 100 da resista mai kilo-om 10 suna fara yanke sauti mai kauri, wanda bai kai haz 160 ba (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), sai ka ji ganga ba ta da nauyi, ka ɗora wa lasifika laifi. Maikrofarad 1 da kilo-om 22 suna saukar da yankan zuwa wajen haz 7, inda kunne ba ya ji. A ɗaya gefen, idan amfilifayarka tana kamo tashar rediyo ko ƙarar wayar hannu, resista mai kilo-om 1 a jere da kafasita mai fikofarad 220 zuwa layin ƙasa sun isa.

Ninki fiye da kima kuwa, dubi LM386, ƙaramin IC na amfilifaya. Yana ninkawa sau 20 yadda yake, idan aka sa maikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya koma sau 200. Da yawa suna sa ta don neman ƙarfi, sai su samu shuuu da tsagewar murya, alhali ƙarfin bai ƙaru ba, domin wutar da ake ba shi ce ta iyakance shi. LM3886 kuma akasin haka ne, idan ninkinsa ya gaza sau 10 yana iya shiga kaɗawa a saman abin da kunne ke ji, ya yi ta zafi ba gaira ba dalili.

Ko ka zaɓi mashiga mafi kyau, layin ƙasa yana iya rusa komai. Idan ƙasan mashiga ya bi waya ɗaya da ƙasan manyan kafasitocin wuta, ƙarar haz 100 ko 120 za ta fito, mai kaushi kamar kukan ƙudan zuma. Ƙugi mai laushi na haz 50 ko 60 kuwa yawanci daga taransifoma ne da ke kusa da wayar shigarwa, ko daga madaukin ƙasa tsakanin na'urori biyu. Kowane sashe ya samu wayarsa ta ƙasa, su haɗu a wuri guda. Wayar shigarwa ta zama gajera mai sulke, nesa da taransifoma da wayar lasifika. Nanofarad 100 ta zauna dab da ƙafafun wuta na kowane IC. Don gano inda ƙarar take, ka haɗa bakin mashiga da ƙasa: idan ta yi shiru, daga waje take shigowa, idan ta ci gaba, a cikin allon take.

Kunnawar farko kada ta kasance da lasifika. Ka sa ƙwan fitila mai zare, kamar wat 60, a jere da wutar da ke shiga taransifoma. Idan ya haska ya dushe, kafasitoci ne suka cika. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda waya ta haɗu, ka kashe nan take. Kafin ka sa hannu ka gyara, ka sauke cajin manyan kafasitocin ta resista, ka auna su da mita, domin suna riƙe wuta bayan an zare filogi.