Yadda Nake Koya wa Matasa Allahntakar Almasihu

Ni ba na fara wannan darasi daga Baitalami. Ka sa ɗalibi ɗaya ya buɗe Farawa 1, wani kuma Yahaya 1:1-3, su karanta bi da bi. Sai ka tambaye su: da me Allah ya yi haske? Da magana. To, Kalman nan da ke tare da Allah tun fil'azal shi ne Yesu, ta wurinsa aka yi kome.

A nan nakan daɗe, domin wani zai ce ai shi ma halittarsa aka yi. Kada ka tsawata masa, ku duba Kolosiyawa 1:16 tare a natse. Wannan gardamar ce ta tara shugabannin ikilisiya a Nikiya, wani birni a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325.

Ibraniyawa 1:2 kuwa, su karanto a gida.