Yadda ake karanta gutsuren marmara da babu zane a kansa

Shimfiɗa tayil da marmara ce sana'ata a nan Aboabo, Kumasi. Shi ya sa ranar da ƙanena ya buɗe mini hotunan tsohuwar taswirar birnin Rum a kwamfuta, na kasa tashi. An sassaƙa ta a jikin marmara tsakanin shekarar 203 da 211 miladiyya, zamanin Sarki Septimiyus Seberus, aka kafa a bangon Haikalin Salama, faɗinta kusan mita 18, tsayinta 13. Jami'ar Stanford ta ɗauki hotunan gutsattsari 1,186 da suka rage, ta zuba a intanet. Kowa rububin masu zanen ɗakuna da tituna yake yi. Ni waɗanda babu ko layi ɗaya a kansu nake so ka tsaya a kai, ka nemo gurbin kowanne a jikin taswirar.

Fara da bayan dutsen. An yi taswirar da alluna kusan 150, wasu bayansu sumul, wasu da kaushi. Gutsure mai kaushi ba zai zama ɗan'uwan mai santsi ba, kada ka wahalar da kanka. Sannan ka rubuta kaurinsa, ka ware masu kauri kusan ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne jijiya. An haƙo marmaran a tsibirin Marmara da ke Turkiyya ta yau, fari ne mai ratsin toka-toka, kuma a allo ɗaya ratsin gefe guda yake fuskanta. Duk wanda ya taɓa jera marmara a falon Alhaji ya san haka: in ka juya ɗaya, tun daga ƙofa maigida zai gani. To ka riƙa juya hoton har ratsinsa ya daidaita da na wanda kake zaton maƙwabcinsa ne. Wannan kaɗai yakan cinye mini dare.

Duba bakinsa. In miƙaƙƙe ne, gefen allo ne, ka nemi ramin ƙarfen da ya riƙe shi. Bangon da aka kafa taswirar na nan har yau a jikin cocin Kosma da Damiyano, da ramukansa, ana iya gwadawa.

Sai a ƙarshe ka tambayi abin da fankon ke nufi. Masu sassaƙar ba su zana ruwan Kogin Tibar ba, fili suka bar shi. Gutsuren da aka yi wa kallon banza tana yiwuwa tsakiyar kogi ne, ko farfajiyar wani babban gini.